Kular Kwatano

Har yanzu gwiwoyina ba su dawo daidai ba, don jiya, ranar Sallah, na yi durƙuson da ban taɓa yin mai tsawonsa ba, a tsakar gidan surukaina a Bagudo, gaban dangi kaf.

Gasa ce ta ja mini. Mijin ƙanwar matata duk Sallah sai ya zo da abin da za a yi mako ana zancensa, ni kuwa kullum sukari da turmin atamfa. Bana na tambayi uwargida me Inna take buƙata. Ta ce kular abinci, don murfin tata ya tsage, tuwon sahur kan huce kafin a tashi. Ta ƙara da cewa ga su nan jibge a kasuwar Tuga. Na ce Allah ya kiyaye in kai wa Inna kayan Tuga. 'Yar Kwatano zan kawo.

Mu mutanen bakin iyaka muna da wannan cuta. Shinkafa, atamfa, gwanjo, mota, duk abin da aka ce ya biyo ta Kwatano sai mu ƙara masa daraja tun ba mu taɓa shi ba. Ana saura kwanaki kaɗan Sallah, da azumi a bakina, na haye Kwara ta gadar Tuga, na bi ta Illo zuwa Lolo, na shiga Madekali, sai Malanbil, kasuwar da ake cewa in ka cire Dantokpa ta Kwatano babu kamarta a duk Benin. Wurin ɗan canji na miƙa damin naira, ya ba ni 'yan ganyen sefa da ba su cika tafin hannu ba, don tun 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000. Na hango kuloli uku 'yan gida ɗaya, babba da matsakaiciya da ƙarama, ruwan madara da furanni ja. Mai kayan ta ce dubu biyu. Na yi hamdala, har na fara tausayinta. Ashe da dala suke lissafi, kowace dala sefa biyar, wato jaka goma cif. Na biya, don na riga na rungume su.

A hanyar dawowa na naɗe su cikin sallaya, na cusa a buhu. Tun da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 gaban kowa ke faɗuwa a shinge, ko da allura ya ɗauko. A wani shingen aka ce in kwance. Jami'in ya ɗaga babbar, ya kifa ta, ya dubi gindinta, ya dube ni, ya sake duban gindin. Sannan ya ce, "Malam, wuce, Allah ya ba da haƙuri." Na ce a raina addu'ar uwa ce ta yi aiki.

To, ga ni durƙushe, takalma a zaure, ido a ƙasa. Inna na bakin ƙofar ɗakinta ta kawar da kai yadda ya kamata. Na tura kulolin gaba, na ce, da muryar da na yi ta gwadawa a hanya, "Inna, ga wannan ba yawa. Daga Malanbil na zo da su. 'Yan Kwatano ne."

Kalmar ƙarshen nan ce nake so a dawo mini da ita. Ba wanda ya tambaye ni. Da na ce "ga wannan ba yawa" na ja bakina, da yanzu ina cin naman Sallah da mutuncina.

Kawun matata ne ya fara karɓa. Tsohon ɗan kabu-kabu ne, ya sha ɗaukar kaya tsakanin Tsamiya da Segbana, don haka duk abin da ya shafi ƙetare shi ne alƙali. Ya ƙwanƙwasa murfin da farce, ya kara a kunne. Ya buɗe, ya shinshina cikin, ya lumshe ido. Ya ce, "Wagga roba ta Faransa ta. Ku ji ƙamshi. Tuwo na kwana ukku ciki shina tururi." Aka yi ta salati, kula na yawo hannu zuwa hannu. Na saci kallon mijin ƙanwar matata, na ga ya yi shiru da kwalbar turarensa. Ban taɓa jin daɗin duniya irin na wannan ɗan lokaci ba.

Sai ta iso hannun wani jikan gidan, ɗan firamare da bai daɗe da gane cewa baƙaƙe na haɗuwa su ba da magana ba. Irin yaran nan da ba sa barin allon shago ko bayan mota. Ya kifa ta a cinya. Na ga yatsansa ya sauka kan wani ɗan rubutu da aka zuba tare da robar, wanda ni ban ko san da shi ba. Ya buɗe baki yadda ake yi a aji, da ƙarfi, gaɓa gaɓa.

"Sha... ra... da."

Ya ɗago ya dubi jama'a don a yaba masa. Ya mayar da kai.

"Ka... no."

Akwai wata akuya da ke cin ɓawon rake a gefen rijiya, ita kaɗai ta ci gaba da harkarta. Ni dai na ga komai a jere: mota ta ɗauko kular nan daga masana'antun Sharaɗa, ta ratso Zamfara ko ta ina, wataƙila ma ta wuce ta ƙofar gidana, ta haye Kwara, wata 'yar kasuwa ta saye ta da arhar naira, ni kuma na bi ta da azumi na fanso ta da sefa, na ɓoye ta cikin sallaya. Na yi fasa-ƙwaurin kayan Kano zuwa Nijeriya. Sai a lokacin na fahimci haƙurin da jami'in nan ya ba ni.

Inna ba ta juyo ba. Ta ce, "Allah shi yi albarka. A ce mishi an gode." Amma kafaɗarta na rawa a ƙarƙashin mayafi.

Kawu, da yake hancinsa ma na cikin shari'ar, ya matso kusa da ni, ya yi raɗar da har zaure an ji. "Kak ka damu. Ce musu Kandi anka rubuta. Kandi cikin Benin take, kowa ya sani. Yaron na bai iya karatu ba."

Yaron ya ce, "Kano anka rubuta! Ga o nan!"

"Rufa muna baki! Turawan Faransa haka suka rubuta Kandi."

"To Sharaɗa hwa?"

Kawu ya ɗan yi tunani. Ya ce, "Sunan mai kamfanin na. Bafaranshe."

Yaron nan, Allah ya shirya shi, bai ce komai ba. Ya tashi ya zaga bayan ɗaki, ya dawo yana jan tsohuwar kular Inna, mai tsagaggen murfi, wadda yanzu ake dama wa kaji dusa a ciki. Ya ajiye ta gefen tawa. Ruwan madara, furanni ja. Ya kifa ta, dusa ta zube a kan tabarma, ya sa yatsa.

"Sha... ra..."

Uwarsa ta fizge shi. Mijin ƙanwar matata ya kamu da wani tari da ya fitar da shi har waje. Ni kuwa ina nan durƙushe, don ba a sallame ni ba, kuma suruki ba ya tashi da kansa.

Kawu ya dafa kafaɗata. Ya ce da ni na shawarce shi tun farko da bai bari haka ta faru ba: ana kankare gindin da wuƙa mai zafi, ko a liƙa takardar sabulun Faransa a wurin. Na ce na gode, Kawu. Ya ce kuma baɗi kada in wahalar da kaina da Malanbil.

"In kayan Kwatano kaka so na gaske, tai Kano. Can suke."