Ladubban Hirar Ruwa da Iska a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Ya kai baƙo mai nufin sauka Tambuwal, garin da Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, ko Kebbe ta wajen Gulbin Zamfara, ka sani cewa hirar ruwa da iska, wadda gafalallu suke zaton abin cika baki ce kafin a kawo fura, fanni ne mai sharuɗɗa da rukunai da abubuwan da ke warware shi, wanda kuwa ya kutsa cikinsa ba da malami ba, lalle ya sha kunya a majalisa.

Babin gaisuwa ba shi da wuya. In an ce maka yaya sanyi, ko da hunturu ya tsattsage maka leɓɓa da dugadugai, hazo kuma ya rufe har ba ka ganin motar Jega sai ta tsaya gabanka, amsarka ita ce lokacinsa ne. Haka za ka maimaita a Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ya haye 40. Ƙorafi makaruhi ne, tun da malamai sun hana zagin iska da zagin zamani. Iyakar abin da aka yi maka rangwame shi ne ajiyar zuciya da gyaran rawani.

Amma damina ita ce fagen gwani. A baki kowa yana cewa ruwa sun yi gyara, wannan wajibi ne, sai dai in aka matsa maka da tambayar ko an samu a gonarka, to, ko da ka tona da hauya ka tarar laima ta kai gwiwar hannu, ka sunkuyar da kai ka ce yayyafi ne wanda ko ƙura bai kashe ba, amma ka ji labari an kwana ana zubawa a Dogon Daji. Na Dogon Daji zai tura shi Jabo, na Jabo ya miƙa shi Sanyinna, mutumin Kebbe kuma ya rantse a Kuchi aka yi, har a wayi gari ƙasa duk ta yi kore alhali ba a sami wanda ruwa ya sauka a gonarsa ba. Hikimar wannan ba ta ɓuya ga mai hankali, domin wanda ya yi iƙirarin ruwa a Yuni ya yi iƙirarin dammunan gero a kaka, masu binsa bashi da surukansa kuwa suna zaune a tabarmar nan, ba su kuma da mantuwa.

In gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙura, mata suna kwashe shanya, kada ka yanke hukunci. Ka dubi sama ka ce in Allah ya sake shi. In ruwan ya zuba, ka faɗa. In hadarin ya watse, sai ka ce mutanen Gummi sun shanye shi a hanya.

Mai son a matsa masa wuri kusa da dattawa ya hardace sunayen taurarin damina, su Nasara da Ɗarfa, ya riƙa lissafa kwana 13 na kowannensu da yatsu, yana motsa leɓe. Sai dai ya kiyaye harshensa daga cewa tauraro ne ya kawo ruwan, don kada wani almajiri ya janyo masa hadisi a gaban jama'a. Hasashen rediyo kuwa ba a ambatonsa sai ranar da ya kuskure.

Daga ƙarshe wani tsoho zai gyara murya ya ce duk wannan wasa ne ga wanda ya ga farin 1973 da na 1984. To, a nan, ya ɗan'uwa, ka ce haka ne Baba, ka nemi takalmanka, domin ba a taɓa kayar da shi a wannan babi ba.