Rana Ba Ta San Mai Unguwa Ba

Tun ranar da na sayi waya mai ido uku a ƙeya aka naɗa ni mai hoton dangi, ba rawani, ba albashi. Suna, ɗaurin aure, saukar karatu, dawowar alhaji, har ranar da Baffa ya sayi injin ban-ruwa, ni ake tura yaro ya kirawo. Kuma tun da na hau wannan karaga ban taɓa ɗaukar hoton da aka yaba ba. Kullum hukuncin ɗaya ne: wayar nan taka ba ta da kyau. Wani ma har yakan ƙara da cewa, in ba ƙira me ya ci gawayi, kuɗin da na zuba a kanta ai ya isa sayen buhun taki biyu.

Watan jiya aka ɗaura auren ɗan Kawu a wani ƙauye gaba da Tudun Wadan Dankadai, bayan an sauko daga Juma'a. Aka shafa fatiha, aka raba goro da alawa, sai wani ya ɗaga murya ya ce a tsaya a yi hoto. Wanda bai taɓa tsayawa a bayan kyamara a irin wannan taro ba, ba zai san cewa kafin mai hoto ya buɗe baki an riga an gama tsara hoton ba. Mai unguwa a tsakiya, a kan kujerar roba. Liman a damansa. Waliyyin amarya a hagu. Sai Alhajin da ya zo daga Kano, wanda ba shi da sarauta amma shi ya biya rabin sadaki, don haka aka matsar da wani dattijo aka ba shi wuri. Daga nan kowa ya bi sahun shekarunsa da nauyin aljihunsa har zuwa gefe, inda aka samu ango ya raɓa. Wurin tsayuwar ma ba a yi shawara da ni ba: gaban motar Alhaji, domin ita ce abu mafi tsada da ya shigo garin a ranar.

Matsalar ɗaya ce. Sun fuskanci gabas, ƙarfe uku ta kusa, rana ta karkata yamma, tana daidai ƙeyarsu, ni kuma tana dukan idona da na wayar.

Na rusuna na ce, “Ranka ya daɗe, da za a ɗan juyo ta nan, ko a koma gindin darbejiyar can, da fuskokin sun fi fitowa.”

Kawu ya yi mini wani kallo. Ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, “Kai yaro, mai unguwar za ka tasa, bayan ya riga ya zauna? Danna abinka kawai.”

Na danna. Rufin motar ya fito yana walƙiya, sararin sama fari fat, shaddodi sun fito har ana ganin aikin wuya. Fuskoki kuwa, kai ka ce tukwanen miya aka kikkifa a kan manyan riguna aka ɗora musu huluna. Ango kafaɗarsa ɗaya da kunnensa ne suka samu shiga. Aka karɓi wayar ana miƙa wa juna, kowa ya sa yatsu biyu ya buɗa ya nemi kansa, bai ga komai ba sai haƙora. Liman ya mayar mini da ita cikin tausayi ya ce, “Allah ya hore maka wadda ta fi ta.”

Ita kuwa wayar ba ta yi laifin komai ba. Kyamara ba ta san darajar mutum ba, lissafi take yi. Takan duba duk hasken da ke gabanta ta nemi matsakaici. In ka cika mata ido da farar shadda ashirin da farin sama da gilashin mota, sai ta ce haske ya yi yawa, ta tsuke, fuskar da da ma tana cikin inuwar hula ta ƙarasa nutsewa. Maganin bai fi taku goma ba: a juya, rana ta zo ta gefe, ko a shiga bakin inuwa inda haske ke shigowa a hankali, mai hoto ya taɓa fuskar mutum a jikin wayar don ta san abin da ake nufi. Amma taku goman nan sai an tashi babba, ga shi mu a wurinmu girma ne ke tsara hoto.

Shekara dubu da suka wuce wani malami haifaffen Basra, Hasan ibn al-Haisam, ya zauna a Alƙahira ya rubuta Kitabul Manazir, ya kafa hujja cewa ido ba ya fitar da haske ya je ya taɓo abu kamar yadda wasu magabata suka ɗauka. Haske ne ke tasowa daga jikin abin ya shigo ido. Duk kyamarar duniya a kan wannan take aiki. Mu dai har yanzu muna kan tsohon ra'ayi, tare da ɗan gyara: babban mutum da haskensa yake zuwa, duk inda ya zauna dole ya fito.

A cikin kowace waya akwai wasu layuka huɗu da ake kunnawa, biyu a tsaye biyu a kwance, su raba fuskar wayar gida tara. Masu sana'ar suna cewa hoto ya fi daɗin kallo in ka ɗora abin da kake so a kan ɗaya daga mahaɗar layukan, ka bar masa sarari ta inda yake kallo. Na taɓa gwada wannan ilimi a kan Baffa ranar injin ban-ruwa. Na sa shi a gefen dama, fadamar shinkafa ta shimfiɗu a hagunsa har iya gani, kore shar. Ni da kaina na ji na burge kaina. Baffa ya duba ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko akwai wani abu da ya yi mini. Me ya sa na tura shi lungu kamar almajirin da ya zo cin arziki, shinkafa ce ta sayi injin ko shi? Aka sake. Ya tsaya tsakiya ƙiƙam, hannu a kan injin, turken lantarki ya tsiro daga tsakiyar hularsa kamar ƙaho. Wannan shi ne yanzu a sitatus ɗinsa.

Da can ba haka abin yake ba, kuma ba don mutanen da sun fi mu hankali ba ne. Kuɗi ne ke sa ladabi. Mai hoto yakan zo a kan keke ranar Sallah da kyamara a wuya, fim ɗinsa hoto talatin da shida ne kacal, kowane ɗaya da kuɗinsa, kuma sai ya kai birni an wanke, bayan mako biyu ka ga abin da Allah ya yi. Saboda haka in ya ce wa hakimi ya ɗaga haɓa, hakimi ɗagawa yake yi. Seydou Keita na Bamako, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana da zanen atamfa a baya, kuma yau hotunan nan suna rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibe har babbar lambar yabo ta bikin zane-zane na Benis ya karɓa a 2007. Sirrinsu bai wuce sanin inda rana take ba, da samun mutanen da in an ce su matsa za su matsa. Yanzu da hoto ya zama kyauta, sai mu danna sau arba'in a wuri ɗaya, duka arba'in ɗin da kuskure ɗaya, muna fatan ko na arba'in da ɗaya zai shiryu da kansa.

Gaskiya akwai lokacin da baƙar fata ke da hujjar zargin kyamara. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin hotuna da wani kati mai hoton Baturiya da ake kira Shirley, fuskar baƙin mutum kuwa ta fito yadda ta ga dama. Abin dariyar, cikin waɗanda ƙorafinsu ya sa aka gyara har da masu sayar da kujerun katako da masu cakulan, domin hajarsu ba ta fitowa a talla. Amma wannan uzuri ya ƙare mana. Tecno da Infinix da itel da ke aljihunmu duk na kamfanin Transsion ne na Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ya yi kasuwarsa a Afirka da gyara kyamara don ta iya da fatarmu. An wahala an koya wa waya ganin baƙi, mu kuma muka karɓa muka kunna filta. A bikin nan na Tudun Wada, da hoton amarya ya zagayo ta WhatsApp, Gwaggo ta riƙe wayar ta ce, “Ikon Allah, ashe Balarabiya yaron nan ya auro?” Yarinyar da a gabanta aka yi mata kitson farko. Fuska fara sol kamar an shafa mata garin rogo, hanci ya ɓace, wuya da hannuwa kuma suna nan da launinsu na gado, suna ba da shaida.

A hanyar dawowa abokan ango suka ce sai an biya ta Tiga. Madatsar nan da aka gina zamanin Audu Bako, aka kammala a 1974, wadda ke shayar da gonakin Kadawa, ba ta taɓa shan wahala irin ta hannun masu selfi ba. Ruwa shi ne abu ɗaya a duniya da ba ya kwanciya a karkace, amma a hotunanmu kullum gangarowa yake yi gefe guda. In da ruwan Tiga zai bi yadda muke ɗaukarsa, da tuni ya tafi da Rano, ko Bebeji, gwargwadon hannun da aka riƙe waya da shi. Wannan ma in ruwan ya samu shiga ke nan. Galibi mutum zai ci kuɗin mota tun daga Kwanar Ɗangora, ya iso bakin ruwa, ya juya masa baya, ya miƙa hannu, ya cika hoton da kumatunsa da baƙin gilashi, ya rubuta a ƙasa cewa yana Tiga. Da ya tsaya a bayan ɗakinsa ma hoton da zai samu ke nan. Kuma ba wanda ke goge idon kyamara. Waya ta kwana a aljihu ɗaya da ƙosai, an ci tsire an shafa ta, sai hoto ya fito da hazo, a ce hunturu ne, alhali ana tsakiyar Agusta.

Dajin Falgore kuwa nasa salon daban ne. Hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa ta cikinsa, kuma direba ba ya son tsayawa a nan, kowa ya san dalili. Don haka duk hoton dajin da ke wayoyinmu daga tagar mota aka ɗauke shi a guje. Wani ya yi ihu, “Ga biri! Ga gwaggon biri!” Waya shida su fito lokaci guda, a ja zum har ƙarshe. Abin da ake samu kore ne da aka dama da ruwan ƙasa, da gefen madubin mota, da wani ɗigo. A kan ɗigon nan za a yi musu har Riruwai. Mai wayar ya rantse biri ne, na kusa da shi ya ce kututture ne, wani ya ce ƙuda ne a jikin gilashi. Ina da irin wannan hoto guda tara. Nakan nuna wa yara in ce namun dajin ƙasarmu ke nan.

Hoto ɗaya tak na taɓa ɗauka da nake alfahari da shi, shi ma ban yi niyya ba. Kashegarin bikin ne, la'asar sakaliya, lokacin da rana ke yin laushi ta koma ruwan zuma, wanda kuma a lokacin ba mai neman hoto domin kowa na haramar alwala ko neman mota. Inna na zaune a bakin zaure, daga ciki kaɗan, tana tsince shinkafa a faifai. Hasken ya shigo ta ƙofa ya kwanta a gefen fuskarta ɗaya, bayanta duhun zaure, ga wani farin tire a jingine da bango yana mayar da ɗan haske ƙarƙashin haɓarta. Kowane layi na fuskarta ya fito, da tsagen da ke kumatunta, da ƙurar shinkafa tana yawo a cikin hasken. Ba ta san ina wurin ba. Na danna sau ɗaya.

Kuskurena da na nuna mata.

Ta ajiye faifan ta riƙe haɓa. “Ɗan nan, tozarta ni za ka yi a duniya? Da wannan tsohon zanen? Ba ɗan kunne, ba kwalli? Goge shi yanzu ina kallo.”

Na ce, “Inna, wallahi ba ki taɓa yin kyau irin na nan ba.”

Ta ce, “To da can muni nake yi ke nan. Goge. In hoto kake so, jira ni.”

Ta shige ciki. Aka buɗe akwati, aka ciro leshin da ta je Makka da shi, aka aika gidan maƙwabta aron sarƙa, aka nemi hoda aka rasa aka samo. Ina zaune a dakali ina kallon hasken nan yana hawa bango, ya kai indararo, ya tafi. Ladan ya kira magariba. Bayan an idar ta fito tana ƙamshin turare, ta sa aka jawo mata kujerar da mai unguwa ya zauna jiya, ta zauna tsakiyar tsakar gida ta ɗaure fuska kamar za a yi mata katin zaɓe. Ba wuta. Na kunna filasha. Idanu suka fito jajur, hodar ta yi fari kamar toka, ga akuya a baya tana leƙowa da nata idanun masu ƙyalli.

Ta karɓa ta duba, ta gyaɗa kai. “Yauwa. Wannan tura wa yayarka ta Kano. Amma dai ka canza waya.”