Rabe-raben Masu Yawon Buɗe Ido a Birnin Dabo

Babban birnin tarayya, Abuja, yana da tituna masu faɗi da dogayen gine-gine, amma ba shi da tsufa, domin sai a 1976 aka yanke shawarar gina shi, kuma gwamnati ba ta tare a cikinsa ba sai a watan Disamba na 1991. Ko sunan da yake amsawa ma aro ne daga garin da Abu Ja ya kafa a 1828, wanda aka mayar Suleja daga sunan sarkinsa Sulaimanu Barau. Saboda haka ma'aikacin da ke kwana a Gauraka ko Madalla yana sammakon zuwa ofis, idan hutu ya zo kuma sha'awar ganin tsohon abu ta motsa masa, sai ya kama hanyar Kaduna, ya ratsa Zariya, ya sauka Kano, inda akwai badala, wato ganuwar ƙasa da tarihi ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ginawa, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa, ga kuma abin da Turawa suka bari bayan zuwansu a 1903. Masana sun yi rubutu mai yawa a kan waɗannan wurare, amma sun yi sakaci da mutanen da ke zuwa kallonsu, alhali kuwa su ma suna da rabe-rabe, kuma abin da ya fi haɗa su shi ne kusan kowannensu wani abu daban yake kallo ba ginin da ya biya kuɗin mota don gani ba.

Mafi yawa a cikinsu shi ne mai juya baya, wanda aka sa wa wannan suna saboda da zarar ya iso gaban Ƙofar Nassarawa ko Gidan Makama, abu na farko da yake yi shi ne ya ba wa ginin ƙeya, ya ɗaga waya sama, ya gyara karin hularsa, ya ɗauki hoton da ake kira ɗauki-da-kanka. A cikin hoton, fuskarsa takan cinye mafi yawan fili, tarihin shekara ɗari biyar kuma ya leƙo ta bayan kunnensa. Ba ya shiga ciki sai in an ce masa akwai haske mai kyau, kuma idan ya shiga, tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da sulke da lifidi, wato rigar auduga mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa a fagen yaƙi, duk a wurinsa bango ne na jingina. Kafin ya koma masauki hoton ya riga ya isa Facebook, tare da bayanin cewa yana bincike.

Wanda ya fi shi wahalar sha'ani shi ne masanin da ba a gayyata ba. Wannan yakan zo da tabarau da biro biyu a aljihun gaba, ya tsaya daf da mai yi wa baƙi bayani yana jiran kuskure, in bai samu ba ya ƙirƙira. Idan aka ce Rumfa ne ya kafa Kasuwar Kurmi, sai ya yi gyaran murya ya ce ai maganar tana da tsawo. Idan aka ce Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, sai ya ce akwai saɓani a tsakanin malamai, ko da yake ba a taɓa jin ya ambaci sunan malami ɗaya daga cikinsu ba. Babban abokin hamayyarsa shi ne ɗan jagoran sa-kai, wato saurayin unguwa da ya naɗa kansa mai nuna wa baƙi hanya a gindin Dutsen Dala, wanda yake auna shekarun kowane gini da tsadar takalmin baƙo: ga mai silifas badala ta shekara ɗari tara, ga mai takalmi sau-ciki kuwa takan kai dubu uku. Adadin matakalar hawa dutsen ma yakan canja a bakinsa daga safe zuwa la'asar, kuma yana iya nuna ainihin inda Barbushe, jagoran mutanen Dala na da, ya tsaya yana ganawa da abin bautarsu Tsumburbura a wurare daban-daban, gwargwadon inda inuwa take a lokacin. Idan waɗannan biyu suka haɗu, sauran baƙi sukan sami wuri su zauna, domin abin kallo ya samu, kuma kyauta.

Gine-ginen zamanin Turawa suna da nasu mutanen, waɗanda suka kasu gida biyu masu gaba da juna, duk da cewa galibi a mota ɗaya suke zuwa. Na farko shi ne mai kewar Bature, yawanci tsohon ma'aikaci mai karɓar fansho, wanda ko an haife shi ne bayan 1960 yakan yi magana kamar shi ya riƙe wa Razdan lema. Yakan tsaya a tashar jirgin ƙasa, wadda layin dogo ya iso a 1911, ya buga ƙarfe da zobensa, ya saurari ƙarar, ya girgiza kai ya ce yanzu ina ake samun irin wannan. Sai dai inda yake faɗawa rami shi ne Gidan Ɗan Hausa, mazaunin Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, domin yana shiga zai fara yabon sanyin ɗakunan da ƙarkon ginin, yana cewa aikin Bature daban ne, alhali abin da ke saman kansa ginin ƙasa ne irin na Hausa: tubali, wato curin ƙasa mai siffar ƙwai da ake shanyawa a rana, da azara, wato tsagin itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin da ke ɗauke da rufin soro, ga zankwaye a tsaye a kan kusurwoyi. A taƙaice yana yabon fasahar kakansa ne da sunan wani, kuma da an kai shi irin wannan ɗaki a ƙauyensu da ya ce a rushe a sa bulo da kwano.

Na biyu shi ne mai fushi da Bature, wanda yakan nemi a kai shi Ƙofar Kabuga, inda rundunar Kanar Morland ta shiga birni a watan Fabrairu na 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. A can yakan tsaya a tsakiyar hayaƙin A Daidaita Sahu, wato babur mai ƙafa uku da ke jigilar mutane, ya zazzaga wa Gwamna Lugga da mutanensa ruwan zagi. Fushinsa yana da hujja, domin an ci garin da igwa ne ba da lallashi ba. Abin lura kawai shi ne idan ransa ya ɓaci sosai Hausa takan gaza masa, sai ya ƙarasa zagin da Turanci, sannan ya duba agogo ya ce a hanzarta kada lokacin shan shayinsa ya wuce.

Akwai wani nau'i da ya keɓanta da mutanen yankin Suleja, wato mai awo da Zuma. Tun da ya tashi yana ganin Dutsen Zuma a bakin hanyar Kaduna, yana kuma ganinsa a jikin takardar naira ɗari, ba ya iya kallon kowane tudu sai ya gwada shi da nasu, don haka idan aka nuna masa Dala yakan waiwaya ya tambaya ko a bayan wannan tsibin ƙasar dutsen yake. Idan aka kai shi wurin masu tukwane sai ya zaro naira ashirin ya nuna hoton Ladi Kwali, wadda ta yi suna a cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin na Suleja a farkon shekarun 1950. Duk da haka, a tsakiyar hawan dutsen da ya raina ake samunsa zaune yana haki, yana neman ruwan leda, kuma binciken da aka yi a kansa ya nuna cewa Zuma ɗin ma daga tagar mota ya san shi.

'Yan makaranta ba su buƙatar dogon bayani: ana kawo su cikin layi, suna rubuta duk abin da aka faɗa har da tarin mai bayani, hankalinsu kuma yana kan mai gurasa da ke bakin ƙofa. Hajiya mai sayayya kuwa ta ɗauki tarihi a matsayin hanyar da ake bi a isa kasuwa. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, yayin da marini ke bayanin yadda ake haɗa baba da toka a cikin karofi, wato ramin rini mai zurfi, a bar shi kwanaki ya nuna, ita ta riga ta kama gefen zane tana murzawa da yawu a yatsa don ta gani ko yana zuba, tana cewa, "Haba Baba, nawa za ka bar mini na gaskiya?" Ita kaɗai ce a cikin dukan rabe-raben nan ziyararta ke barin wani abu a aljihun masu sana'ar, saboda haka ba a cika yi mata dariya a gabansu ba. Baturen yawon buɗe ido, wanda ya yi ƙaranci a 'yan shekarun nan, ana gane shi da faffaɗar malafa da gorar ruwa, da kuma yadda yake barin fadar da Rumfa ya gina ya durƙusa yana ɗaukar hoton akuyar da ke kwance a gindin bango.

Babban baƙo shi ne mai zuwa da jiniya da jerin motoci, a share masa hanya, ya tsaya na ɗan lokaci a gaban ragowar badala, ya nuna takaici a fuska daidai lokacin da masu kyamara suka shirya, ya tunatar da jama'a cewa tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don a duba yiwuwar sanya su cikin kayan tarihin duniya, sannan ya yi alkawarin kafa kwamiti. Wannan nau'i yana maimaituwa da sabuwar fuska duk bayan 'yan shekaru, jawabin ne kawai ba ya canjawa.

Saura ɗan gari, wanda masu rarrabewa suka yi ta muhawara a kan ko ya cancanci shiga lissafi, tun da shi bai taɓa zuwa kallo ba. An haife shi a Gwammaja ko Yakasai, yana wuce Gidan Makama safe da yamma, amma bai san launin cikinsa ba, kuma idan baƙonsa daga Gauraka ya nemi rakiya zuwa Dala yakan haɗa shi da ƙaramin yaro, ya ce shi ƙafarsa tana ciwo. Amma kada baƙo ya kuskura ya kushe badala a gabansa, domin nan take zai tashi da kirarin Kano ta Dabo, jijiyar wuyansa a miƙe. Wani reshe na wannan nau'i ya fi kowa sanin ingancin ƙasar ganuwar, saboda da ita ya yi yaɓen katangar gidansa bayan damina, wani kuma ya yanki gefenta ya kafa shago, inda yake sayar wa masu yawon buɗe ido ruwan sanyi da katin waya, yana kuma nuna musu da hannu inda badalar take a da, idan sun tambaya.