Shiru, Muna Kwanton Ɓauna

Ran Lahadin nan na dawo daga kasuwa rungume da sabuwar randa, gumi har cikin ido. Na tsaya a fadar samarin ƙofar gidanmu, na yi sallama. Shiru. Na sake. Ɗan ƙanwata, yaron da ni na yanka masa ragon suna, ya ɗora yatsa a leɓe, idonsa bai bar salula ba.

"Kawu, don Allah a hankali. Akwai mutum bayan gidan."

Na waiga da sauri har randar ta kusa suɓucewa. Ashe gidan yana tsibirin Bermuda ne, cikin wasan Free Fire, kuma su huɗu suna kwance a ciyawa suna sauraron taku.

Raɗar ce ta ɗaure mini kai. Wanda suke fako wataƙila yana Masar ko Maroko, amma a Mirriya ake yin ƙasa da murya. An hana mai shayi yin kumfa, wai zubowar shayi daga kofi zuwa kofi tana rufe ƙarar taku. An sauke buta daga kan gawayi saboda tana huci. Akuyar maƙwabta ta yi kuka, aka harare ta a matsayin 'yar leƙen asiri. Wani mai kabu-kabu ya zo wucewa, da ya ga fuskokinsu sai ya kashe inji ya tura babur da hannu, ya ɗauka rasuwa aka yi. Har ya ce Allah ya jiƙan musulmi. Wannan ma ba a amsa masa ba.

Kuma duk wannan rarrafe a banza yake ƙarewa, don kowace runduna tana da nata gwanin. An shirya, wane ya hau tudu, wane ya zaga ta hagu, an ce sai an ƙirga uku. Ana cewa "ɗaya" shi ya buɗe wuta. Nan take raɗa ta mutu, ihu ya tashi wanda na tabbata ya ci kilomita 18 ɗin nan ya isa Zinder. "Wa ya ce ka harba?" Amsa kullum guda ce: rezo ne.

Wani ɗalibi da ya dawo hutu daga Yamai ya ce waɗannan ba su san komai ba. Shi a kwamfuta yake buga Baldur's Gate 3, wanda wani kamfanin Beljiyam, Larian, ya fitar a 2023. Can sai ka raba mutanenka huɗu, ka laɓe da kowa waje da jan zanen da ke nuna inda idon maƙiyi ya kai, ka jera gangunan albarushi, sannan ka kai hari; maƙiyin da aka shammata ba ya ko motsi a zagayen farko. Ya ce shirin kan ci awa guda. Na ce madalla. Sarki Tanimun, da ya riƙe Damagaram har 1884, a Zinder aka ƙera masa igwa, ya fita yaƙi da tambari ana ji. Jikokinsa ga su nan suna jan ciki.

Abin da ya ƙona mini rai dai sallamar nan ce. Ƙanwata, uwar yaron, tana durƙushe tun asuba tana ginin tukwane, da kuɗin tukunyarta ake sayen forfen da ake laɓewa da shi, amma babba ya tsaya da kaya a hannu a rasa mai cewa sannu, balle mai karɓa.

Da ma laɓewar suka iya, da sauƙi. Su je su ɗauki darasi wurin mutumin da nake bi jikka uku tun kafin babbar salla. Ya san iyakar inda idona yake kaiwa ba tare da wani jan zane ba. In na shigo kasuwa ta layin masu tukwane, shi yana fita ta wajen masu albasa. A masallaci yana zaɓar sahun da ginshiƙi ya raba mu, liman na sallamewa takalminsa ya ɓace. Ranar wani ɗaurin aure na hango hularsa daidai ƙofar da goro zai fito, wurin da ya kama tun kafin a shimfiɗa tabarmi. Kafin in ratsa mutane ya karɓi nasa, ya karɓi nawa, wai zai kai mini gida.