Yadda Ake Zama Gimbiyar Jamus, ga Masu Sha'awa

Tunda finafinan fadojin Turawa suka cika wayoyi, kunnena bai huta da "ina ma a can aka haife ni" ba. To, 'yan'uwana mata, ga hanya. Jagorarmu Liselotte ce, 'yar sarkin ƙasar Falz da ke Jamus, haifaffiyar Haidelbag a 1652.

Na ɗaya, haɗa lefe kawai, ba a neman ra'ayinki. A 1671, tana shekara 19, aka aurar da ita ga Filif, ƙanen Sarki Luwi na 14 na Faransa. A garin Metz aka fitar da ita daga ɗarikar Furotesta zuwa Katolika tun ba ta ga ango ba.

Na biyu, ki yi sallama da tukunyar gidanku. Kayan ado ba sa maganin kwaɗayi! A fadar Faransa ana yayin gahawa da shayi da cakulan, ita kuwa duka ukun ba ta ƙaunarsu. Ranta na kan kabejin da aka tsima ya yi tsami, da naman da ake ɗurawa cikin hanji, da miyar giya mai zafi. Duk wadda aure ya kai nesa ta nemi daddawar garinsu ta rasa ta san wannan ciwon. Ga zinariya a tebur, ga kuyangi a tsaye, matar ƙanen sarki tana mafarkin kabeji, har ta tsufa tana maganarsa.

Na uku, ki tanadi tawada da yawa. Takarda ce ƙawarki. Ta riƙa rubuta wa gwaggonta Sofi ta Hanoba wasiƙu masu tsawo, kuma dubban wasiƙunta na nan har yau. Ma'aikatan sarki sun riƙa buɗe su a hanya. Ta sani, wani lokaci har ta ajiye musu baƙar magana a ciki.

Na huɗu, ki guji likitocin fada masu zubar wa majinyaci jini.

Na biyar, mari. A 1692 ɗanta ya yarda ya auri 'yar da sarki ya haifa a waje, ta sharara masa mari a gaban fadawa. An yi auren duk da haka.

Daga nan ba ni da sauran shawara. Mahaifinta ya bayar da ita ne don Faransa ta bar ƙasarsa lafiya. Da wanta Karl ya rasu a 1685 ba magaji, Luwi ya ce surukarsa na da gado a Falz. Ya tura sojoji a 1688, aka cinna wa garuruwa wuta a 1689, aka ƙone Haidelbag a 1693. Da sunanta! Tana zaune a fadar mai ƙonawar, kuka kaɗai ne a hannunta, shi ma ana ganin laifinta. Ta rasu a 1722 ba ta sake taka garinsu ba. Wace shawara zan ba yarinyar da aka miƙa don a zauna lafiya, aka kuma mai da ita hujjar yaƙi?