Yadda Ake Zama Gwanin Hoto a Gaya Ba Tare da An Sayar da Babur Ba

Duk wanda ya ƙuduri aniyar zama mai ɗaukar hoto a Gaya, kayan aikinsa na farko ƙyalle ne mai tsabta. Salular da ta wuni a aljihu ɗaya da goro da canjin kabu-kabu, ta kuma bi ta hannun da ya ci soyayyen kifi a bakin kogi, idonta ya riga ya sha mai. Mai ita zai ɗauki abokinsa, fuska ta fito dishi-dishi kamar an hango ta cikin hazon hunturu, sai ya hau zagin kamfani. Da ya goge gilashin da gefen riga, da ya ga har zaren hular abokin.

Kamfanin kuwa ya yi nasa ƙoƙarin. Tecno da Itel da Infinix 'yan ɗaki ɗaya ne, na Transsion da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma cikin abubuwan da suka ɗaukaka su a kasuwannin Afirka har da saita kyamara yadda za ta fito da baƙar fata tas. Don haka saurayin da ke lissafin sayar da babur ya aika Kwatano a sayo masa babbar Canon, ya dakata tukuna. Malick Sidibé na Bamako da fim fari da baƙi ya yi ta ɗaukar samari da 'yan mata a wuraren biki, kuma aikin nan ne ya ba shi kyautar Zakin Zinariya a birnin Venis a 2007.

Bayan ƙyalle sai lokaci. Ranar tsaka ta watan Afrilu ba ta ragawa kowa: tana matse ido, tana zuba inuwa ƙarƙashin hanci, mutum ya fito kamar wanda ake bi bashi. Gwani yakan fita da hantsi bai ɗaga ba, ko ya jira bayan la'asar, sa'ad da rana ke gangarawa wajen Benin, kogin Kwara ya koma kamar an narka tagulla, masunta suna watsa birgi. In yana son fuska, sai ya juya wa rana baya. In yana son jirgi da matuƙinsa su fito baƙi wuluk a kan jan ruwa, sai ya fuskance ta, ya dangwala yatsa a kan sararin sama don wayar ta rage haske. Kogin ma kala biyu gare shi: da damina ja ne saboda laka, da sanyi kuma, in ruwan da ya taso daga tsaunukan Gine ya iso, sai ya lafa ya yi duhu. Mai hankali yakan ɗauki wuri ɗaya a watan Agusta da Janairu, ya jera su.

Kada kuma ya ware yatsu biyu yana jawo abu daga nesa. A yawancin wayoyin nan, yanka hoton kawai ake yi a kumbura shi. Ƙafa ta fi.

Akwai inda ƙafa ma ya kamata ta tsaya. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, wadda aka gina a 1958, tana jan ido, amma kan iyaka ce, ga jandarma ga 'yan duwan. Da aka rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, hada-hada ta koma cikin jiragen ruwa, tsaro kuma ya ƙaru. Wanda ya ɗaga waya a gaban shingen jami'ai zai iya shafe yini yana bayani a ofis, hasken la'asar ya wuce shi. Ga dazuzzukan giginya na Dallol Mauri, ga gonakin rake da shinkafa, babu mai tambayarsa takarda.

A kasuwa kuwa, gaisuwa ce tikiti. Ya durƙusa ya ce “Fofo” in Dendawa ko Zabarmawa ne, ya tambayi ciniki, sannan: “Inna, don Allah in ɗauke ki da wannan tulin albasar?” Ba mamaki ta ce, “Ɗan nan, ba dai a TikTok za ka sa ni ba?” To, ya faɗi gaskiya. In ta ƙi, ya ɗauki albasar. In ta yarda, ya ba ta lokaci ta gyara kallabi, ya nuna mata hoton kafin ya tashi. Wannan dariyar da za ta yi in ta ga kanta, ita ce hoto na biyu, kuma yakan fi na farko.

Sai gyara. Snapseed kyauta ce, ta isa a ƙara haske a miƙe kogin da ya karkace. Amma hannu ya yi sauƙi. An sha ganin amarya ta shiga manhajar kwalliya ta fito fara sol, ba tsaga ba tabo, kawunta na Kamba ya buga waya yana tambayar ko an sauya yarinyar ne. Wajen aikawa kuma, WhatsApp yana matse hoto. Wanda zai kai a wanke masa ya tura shi a matsayin takarda, ya isa da cikakken ƙarfinsa.

Bidiyo ya fi cin rai, ya fi cin mega: minti ɗaya mai kyau yakan haura mega 100. Ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya bar wayar ta tsaya cik, 'yan kokawa ne za su motsa ba shi ba. In da iska, ya kare makirfo da jikinsa. Ya yanke a CapCut kafin ya ɗora, daƙiƙa talatin sun wadatar. Kuma kafin ya danna, ya duba sunan da ke saman allo, don a bakin ruwa waya takan tsallaka Benin ba tare da mai ita ba, ta kama rezon can, kuɗi su tsiyaye. Ya shiga saiti ya ɗaure ta a kan Airtel ko Moov ko Zamani da hannunsa.

Abin da ya rage shi ne ajiya. Waya tana faɗawa kogi, ana kuma sace ta a tasha. Samarin fada da ke ɗaukar juna kullum a gaban butar shayi su juya ido ga masu dafa gishiri a Foga, da tsoffin matuƙan jirgi, da kakanninsu na cikin gida, su kwashe hotunan zuwa kati na dabam. Kati mai giga 32 yana ɗaukar dubban hotuna.