Wasiƙa Zuwa ga Teburin Gasar Gundumomin Ghana

Zuwa ga Malam Tebur,

Ya mutanen Accra da na Tamale? Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne na ji ƙishin-ƙishin wasu masu neman fitina a nan Najeriya suna so a gayyato ka. Don girman Allah ka yi zamanka.

Labarinka ya riga ka isowa. An ce a 2014 UNICEF da cibiyar CDD-Ghana suka haife ka, ka jera gundumomi 216 da ƙasar ke da su a lokacin, daga ta ɗaya har ta kashin baya, kamar ƙungiyoyi a gasar ƙwallo. An ce ba ruwanka da rijiya nawa aka ƙaddamar, kai dai mutum nawa ke samun ruwa mai tsabta. A wancan lokacin ka ƙirga yaran da suka ci jarrabawar BECE, da matan da suka haihu a hannun ƙwararrun ma'aikatan lafiya, da garuruwan da suka daina bahaya a fili, har da yawan 'yan sanda. Ka gama kuma ka baza sakamakon duniya ta gani. Haba Malam, ina kunya? Mu nan ba a yi wa manya haka.

Muna da namu ma'aunin, kuma bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ƙananan hukumominmu 774 ne, babu wadda ta taɓa zuwa ta biyu. Ciyaman ana auna shi ne da girman allon hotonsa a ƙofar sakatariya, da yawan rumfunan ranar bikin buɗe aiki, da tsawon kirarin maroƙa, da lambar yabon da aka karɓo masa a wani otal a Abuja. Famfon tuƙa-tuƙa idan ya ba da ruwa ranar da masu kyamara suka zo, ya sauke nauyinsa. Kai kuwa an ce sai ka bari an watse, ka dawo ka tuƙa shi da kanka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne aikin naka ba zai yi wuya ba. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kwashe shara, kula da kasuwanni da tashoshin mota da makabartu, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. Duk abin ƙirgawa ne. A yankar rasit a kasuwa kaɗai ba ma shakkarka, nan kam za mu ci kofi.

Na kuma binciki danginka, na tarar duk halinku ɗaya. Akwai Imihigo na Ruwanda, wanda tun 2006 yake sa magadan gari rattaba hannu a gaban shugaban ƙasa kan abin da za su yi a shekara, sannan a tuhume su a kai. Akwai CitiStat na birnin Baltimore a Amurka, inda aka yi alkawarin cike ramin titi cikin awa 48 da kai ƙorafi. Mu ramukanmu da su muke yi wa baƙo kwatance. Ko a gida cutar ta fara ɓulla: a 2022 aka tabbatar da duk ƙananan hukumomin Jigawa 27 sun rabu da bahaya a fili, tun daga nan maƙwabta ba su huta da tambaya ba.

To idan ka ƙi jin magana ka tsallako, ga sharuɗɗa. Na farko, ka auna abin da ya shigo kafin ka auna abin da aka yi. Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.6 cikin ɗari ne, amma shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a biya su kai tsaye. Ka duba mana nawa ke isa. Na biyu, kada ka karɓi alƙaluma daga hannun wanda ake aunawa, domin ranar da aka ce cin jarrabawa ne maki, za a hana yara masu rauni zaunawa. Na uku, kada ka gwada tsakiyar birni da ƙauyen bakin iyaka; kowa ka haɗa shi da tsaransa, ka kuma nuna masa inda yake bara. Na huɗu, kada ka kwanta a cikin rahoton Turanci. A karanta ka a rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci, kafin zaɓe, ba bayansa ba.

Idan ka yarda da waɗannan, ka manta da roƙon da na yi, ka kamo hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mun daɗe ba mu yi wanka ba.

Naka,
Wani mai biyan kuɗin rasit